Ranar da husufi ya gwada lissafin Einstein a wani tsibirin Afirka

Duk wanda ya yi wayo a shekarar 2006 bai manta da ranar Laraba 29 ga watan Maris ba. Da hantsi, tsakanin ƙarfe 10 da 11, duhu ya sauko a yankin Maraɗi da Damagaram, haka ma Katsina da Gusau a wancan gefen iyaka, aka nufi masallatai aka yi sallar husufi. Tun shekaru kafin ranar masu lissafi sun rubuta garuruwan da inuwar wata za ta ratsa da mintin da za ta iso, kuma ba su kuskure ba. Yanzu ma akwai wani a rubuce: Litinin 2 ga watan Agusta 2027, rana za ta rufe gaba ɗaya a Oran ta Aljeriya, da Bengazi ta Libiya, da Jidda da Makka. Mu nan Nijar wani sashe nata kawai zai rufe. Ƴan uwanmu da ke can, don Allah kada a kalli rana da ido tsirara ko da baƙin tabarau na kasuwa, tana ƙona ido ba tare da mutum ya ji zafi ba.

To, faɗin ranar husufi tsohon ilimi ne. Yau wani husufin daban za mu ba ku labari, na shekarar 1919, wanda aka yi amfani da shi don a gane ko wani mutum da bai da komai sai alƙalami da takarda ya faɗi gaskiya game da abin da ke sa kowane abu ya faɗo ƙasa.

Sai mun ɗan koma baya tukuna. A 1687 wani Bature ɗan Ingila, Isaac Newton, ya fitar da doka ɗaya mai sauƙin faɗi: duk abu mai nauyi yana jan ɗan uwansa. Abin da ke faɗo da mangwaro daga bishiya shi ne ke riƙe da wata yana kewaya duniyarmu, shi ne kuma ke riƙe da duniyarmu tana kewaya rana. In nisa ya ninka sau biyu, jan ya ragu ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wasu kan ce da wanga ja "maganaɗisun ƙasa", amma sunan bai zauna daidai ba, don maganaɗisu ƙarfe yake ja, shi kuwa wannan bai bar dutse ba, bai bar ruwa ba, bai bar mutum ba. Mu kira shi jan nauyi.

Dokar ta yi aiki har ta kai ga abin al'ajabi. An lura cewa wata duniya mai nisa da ake kira Uranus tana kauce wa hanyar da lissafi ya zana mata. Wani masanin lissafi na Faransa, Urbain Le Verrier, ya ce lalle akwai wata duniyar da ba a gani ba wadda ke jan ta. Ya zauna ya lissafa inda take, ya aika wasiƙa zuwa Jamus ga wani mai duban taurari, Johann Galle. Wasiƙar ta isa ranar 23 ga Satumba 1846, a daren nan Galle ya juya madubin hangen nesa inda aka ce masa, sai ga ta. Ita ce Neptun. Mutum yana zaune a ɗaki ya gano duniya guda da lissafi.

Amma akwai wata ƴar ƙaramar duniya mafi kusa da rana, Larabawa suna ce mata Uɗarid, Turawa su ce Merkur. Kwana 88 take yi ta gama kewaya rana, kuma hanyarta ba ta komawa daidai inda ta faro, tana ɗan gusawa kowane zagaye. Mafi yawan gusawar dokar Newton ta bayyana shi, sai wani ɗan saura da ya ƙi shiga lissafi. Le Verrier ya ce ai maganin da ya yi aiki jiya shi za a sake sha: akwai wata ɓoyayyar duniya kusa da rana. Har suna aka raɗa mata, Vulkan. Aka yi shekaru ana nema, musamman lokutan husufi, ba a gan ta ba, don babu ta.

Kafin mu ci gaba, ku bari mu yi awo, don a san ƙanƙantar abin da ake gardama a kai. Masu duban taurari sukan raba kewayen sama gida 360, kowane gida su sake raba shi 3600. Wannan ɗan guntun na ƙarshe mu ce masa ƙwaya. Faɗin wata a daren sha huɗu ya kai ƙwaya 1800. Sauran gusawar Uɗarid da ta gagari dokar Newton ƙwaya 43 ce, ba a shekara ba, a cikin shekara 100. Wani zai ce a yafe mana, wannan ai bai kai a tashi tsaye ba. Masu lissafi ba su yafe ba.

Mutumin da ke faɗowa

A 1907 Albert Einstein ma'aikaci ne a ofishin rajistar ƙere-ƙere na birnin Bern, a ƙasar Suwis, yana da shekara 28. Wata rana tunani ya zo masa: mutumin da ke faɗowa daga bisa ba ya jin nauyin jikinsa. Kowa ya ɗanɗana kaɗan daga wannan. In mota ta hau tudu da gudu ta gangaro, sai ka ji cikinka ya yi sama, kamar nauyinka ya gudu na ɗan lokaci. In kuma direba ya figi mota daga tsaye, sai ka ji an danna ka ga kujera, kamar an ƙara maka nauyi ta baya. Ga kuma wani abu da aka sani tun zamanin Galileo: in ba iskar da ke tarewa, abu mai nauyi da marar nauyi tare suke faɗowa. A 1971 wani ɗan sama jannatin Amurka, David Scott, ya saki guduma da gashin tsuntsu a kan wata, inda ba iska, suka taɓa ƙasa lokaci guda.

Einstein ya tambayi kansa: wane irin ja ne wannan da bai damu da abin da yake ja ba, guduma da gashi duk tafiya ɗaya? Amsar da ya kai gare ta ita ce, watakila ba ja ba ne sam. Watakila hanyar ce a lanƙwashe, kowa kuma hanyar yake bi.

Ga misali. A kifa ƙwarya, a ajiye tururuwa biyu a bakinta, tsakaninsu taƙi ɗaya, kowace ta miƙe sak ta nufi bisa. Babu wadda ta karkata, babu igiya tsakaninsu, amma suna hawa suna matsowa kusa da juna har su haɗu a tsakiyar ƙwarya. In ka tambayi tururuwar za ta rantse wani abu ne ya ja ta zuwa ga ƴar uwarta, alhali siffar ƙwaryar ce. Einstein ya ce haka sararin da muke ciki yake. Abu mai nauyi kamar rana yana lanƙwasa sararin da ke kewaye da shi, duniyarmu kuma tana tafiya miƙe ne iyakar miƙewar da wannan sarari ya bari, mu kuma mu ga kamar kewaye take. Abin da ya fi wuyar haɗiya shi ne, ba sarari kaɗai ke lanƙwasa ba, har da lokaci. Kusa da abu mai nauyi agogo yana tafiya a hankali fiye da nesa da shi. Za mu dawo kan wannan.

Faɗin haka da baki abu ne, rubuta shi da lissafin da za a iya gwadawa wani abu ne. Shekara takwas ya yi yana fama. Lissafin da yake buƙata bai iya shi ba, sai da ya je wurin abokin karatunsa Marcel Grossmann, wanda ya nuna masa aikin wani Bajamushe, Bernhard Riemann. Tun 1854 Riemann ya shimfiɗa lissafin sarari mai lanƙwasa, ba don ya san za a yi wani amfani da shi ba, ya kuma rasu tun ba a haifi Einstein ba. A watan Nuwamba 1915, a birnin Balin, Einstein ya kammala. Ya ɗauki sabon lissafin ya gwada a kan Uɗarid, sai ga ƙwaya 43 ta fito da kanta, ba tare da wata Vulkan ba.

Sai dai wannan amsa ce da aka riga aka sani, mai gardama zai iya cewa ka ɗinka riga ne daidai jikin da ka gani. Ana buƙatar abin da ba wanda ya taɓa aunawa. Einstein ya bayar: in sarari a lanƙwashe yake kusa da rana, to hasken tauraron da ya bi ta gefenta dole ya karkata, mu kuma mu ga tauraron ya ɗan gusa daga mazauninsa. Ya faɗi adadin: ƙwaya 1.75. Ku ɗauki ƙarfen dala ashirin, ku ba yaro ya tafi da shi kilomita 3 ya ɗaga muku. Faɗinsa a idonku daga wannan nisa, shi ne girman gusawar.

Wahalar ita ce ba a ganin taurari kusa da rana sai in wata ya rufe ta. Dole a jira husufi.

A nan akwai wani abu da ba a cika faɗi ba, mu kuwa muna ganin shi ne gishirin labarin. Tun 1911 Einstein ya taɓa fitar da wannan lissafi, amma ya samu rabin adadin, don a lokacin jinkirin lokaci kaɗai ya sa, bai kai ga lanƙwasar sarari ba. Wani matashin Bajamushe, Erwin Freundlich, ya kwashi kayan aiki ya tafi yankin Kirimiya na ƙasar Rasha don ya auna a husufin 21 ga Agusta 1914. Kafin ranar ta zo yaƙin duniya na farko ya ɓarke, Rasha da Jamus suka zama abokan gaba, aka kama shi aka riƙe kayansa. Da awon ya yiwu ya kuma fito daidai, da an ce Einstein ya faɗi, tun bai gyara lissafinsa ba. Yaƙin da ya ci miliyoyin rayuka shi ya ba shi shekarar da ya gyara kuskurensa.

Minti biyar a gonar koko

Wanda ya ɗauki nauyin gwajin kuma daga ɓangaren abokan gaba ya fito. Arthur Eddington, malami a jami'ar Kambirij ta Ingila, mutum ne da ya ƙi shiga soja saboda aƙidarsa ta ƙin yaƙi, a lokacin da yawancin masanan ƙasarsa ba su son ko jin sunan wani masani daga Jamus. Shi da babban mai duban taurari na ƙasar, Frank Dyson, suka lura cewa husufin 29 ga Mayu 1919 ya zo da sa'a: a ranar, rana za ta tsaya gaban wani rukunin taurari masu haske da Turawa ke kira Hyades, maƙwabtan waɗanda mu muke ce wa Kaza da Ƴaƴanta. Aka shirya ayari biyu, saboda in hadari ya rufe wuri ɗaya a samu ɗayan. Ayari ɗaya ya tafi Sobral a arewacin Birazil. Eddington da wani gwanin gyaran agogo, Edwin Cottingham, suka nufi tsibirin Principe, cikin teku kudu da gaɓar Najeriya, wanda a lokacin yake hannun Fotugal. Suka kafa madubinsu a wata gonar koko mai suna Sundy.

Rana ba ta ƙarya. Da ta zo, sai aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Wajen tsakar rana ruwan ya tsaya, amma gajimare bai washe ba. Husufin ya yi kamar minti 5, a ciki suka ɗauki hoto 16 a kan farantan gilashi, Eddington ya ce shi bai ma samu kallon abin sosai ba, yana ta sauya faranti. Da aka wanke, biyu kawai suka nuna taurarin da za a iya aunawa. Aikin shi ne a ɗora waɗannan a kan hoton taurarin nan da aka ɗauka da dare, lokacin da rana ba ta kusa da su, a ga ko sun gusa.

A Sobral sama ta fi kyau, amma su ma ba su tsira ba. Babban madubinsu ya ba da hotuna dishi-dishi, ana zaton zafin rana ne ya taɓa shi, sai ƙaramin da suka riƙo don ko-ta-kwana ya fitar da masu kyau. Ranar 6 ga Nuwamba 1919 aka tara masana a Landan aka karanta sakamako. Principe ta ba da ƙwaya 1.61. Ƙaramin madubin Sobral ya ba da 1.98. Einstein ya ce 1.75, in kuwa an bi hanyar Newton rabin haka za a samu. Kashegari jaridu suka ɗauka, sunan Einstein ya zagaye duniya.

Ba za mu ɓoye muku ba, an yi ta ƙorafi daga baya. Hotunan babban madubin Sobral sun ba da adadin da ya fi kusa da na Newton, kuma an ajiye su gefe. Wasu suka ce Eddington ya zaɓi abin da ransa ke so. A namu ganin zargin ya yi nauyi, don tun a filin aiki mutanen Sobral suka rubuta cewa madubin ya samu matsala, kafin su san me zai nuna, kuma Dyson ne ya jagoranci aikin hotunan Sobral, ba Eddington ba. Amma gaskiya ne faranti biyu daga cikin gajimare ba su isa a rufe magana ba. Abin da ya rufe ta shi ne maimaitawa. A husufin 1922 wani ayarin Amurka ya auna a ƙasar Ostareliya ya samu 1.72. A 1979 aka sake auna farantan Sobral da na'urorin zamani, suka goyi bayan Einstein. Yau da kunnuwan rediyo masu sauraren sama ake yin awon, ba sai an jira husufi ba, kuma adadin bai motsa ba.

Mi wannan ya ƙare mu da shi?

Mun san tambayar da ke bakin wasu, musamman iyayen da ɗansu ya ce lissafi zai karanta a jami'a: wannan duka mi zai kawo? Amsar tana cikin aljihunku. In ɗanku da ke Tamanraset ko Legas ya turo muku inda yake ta WhatsApp, ko direba ya kama hanyar Dirku daga Agadas yana duban talho, taurarin ɗan Adam na GPS ne ke aikin. Suna can bisa, nisan kilomita 20,200, kowane yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito yana ta shelar lokaci. Talho tana sauraren aƙalla huɗu daga cikinsu, ta lissafa daɗewar da saƙon kowane ya yi a hanya, daga nan ta san inda take.

To ku tuna maganar lokaci. Can bisa jan nauyin duniya ya fi rauni, saboda haka agogon tauraron yana gaba da namu da kashi 45 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana. Gudun da yake yi kuma yana rage masa kashi 7, wannan ma lissafin Einstein ne, na 1905. Saura 38. Kamar ba komai ba, amma saƙon yana tafiya da gudun haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, kuma a cikin wannan ɗan ƙyaftawar ya ci kilomita 11. Shi ya sa tun a ƙasa, kafin a harba tauraron, ake saita agogonsa ya riƙa ɗan jinkiri. A 2010 wasu masana a Amurka sun ɗaga wani agogo sama da ɗan uwansa da santimita 33 kacal, bai kai kamu ɗaya ba, suka kuma ga na bisa ya fi sauri.

Lissafin nan na 1915 ya ci gaba da haihuwa. Daga cikinsa wani Barashe, Alexander Friedmann, a 1922, da wani limamin coci ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, a 1927, suka fitar da cewa sararin samaniya ba a tsaye yake ba, faɗaɗa yake yi. Einstein da kansa ya ƙi yarda da farko, sai da awon Edwin Hubble na 1929 ya nuna garken taurari masu nisa suna ta ƙara nisa. Daga cikinsa kuma aka san da baƙin rami, wurin da nauyi ya taru har haske ba ya iya fita, wanda aka nuna hoton inuwarsa na farko ranar 10 ga Afrilu 2019.

Amma kada a ɗauka an gama. Rana tamu ɗaya ce cikin garken taurari sama da biliyan 100, kuma irin wannan garke ba su ƙirguwa. A shekarun 1970 wata Ba'amurkiya, Vera Rubin, da abokin aikinta Kent Ford, suka auna yadda waɗannan garkuna ke juyawa, suka tarar taurarin bakin garke suna gudu fiye da kima. Da nauyin abin da ido ke gani ne kaɗai ke riƙe da su, da tuni sun watse kamar hatsi daga faifan da aka juya da ƙarfi. Ga mu ke nan mun koma gaban tambayar Le Verrier. Ko dai akwai wani abu mai nauyi da ba a gani, kamar yadda aka yi da Neptun, ko kuma dokar ce ke son gyara, kamar yadda aka yi da Uɗarid.

Mafi yawan masana suna kan na farko. Suna cewa akwai wani ɓoyayyen abu da ba ya haske ba ya kuma tare haske, wanda ya ninka duk abin da muke gani kamar sau 5. Ɗaya daga cikin manyan hujjojinsu ita ce karkatar hasken nan da Eddington ya je aunawa a gonar koko: ana duban yadda tarin garkuna ke lanƙwasa hasken da ya taso daga bayansu, a auna nauyinsu da shi, sai a tarar nauyin ya wuce na taurari da iskar da ke cikinsu nesa ba kusa ba. Ƴan ƙalilan suna kan na biyu, suna ta rubuta sababbin dokoki suna gwadawa. An haƙa ɗakuna a ƙarƙashin duwatsu, a Italiya da Amurka da Sin, an ajiye na'urori ana dakon ƙwaya ɗaya ta wannan ɓoyayyen abu ta bugi wani abu a gani. Shekaru da dama ke nan ana jira, har yau ba ta buga ba.